Kafin Ki Ɗauki Ma'aikaciya, Ki Ɗauki Biro

Uwargida, bari mu fara da abin da wataƙila ya taɓa faruwa da ke. Sallah saura mako biyu, atamfa da leshi sun cika ɗakin ɗinkinki a Hunkuyi, kuma kin riga kin karɓi kuɗin mutane. Gari ya waye, keke biyu ne kaɗai ke aiki. Yarinyar da ke kan na ukun ta tafi biki Maƙarfi ba sallama. Bayan kwana huɗu ta dawo, kika yanke mata kuɗin kwanakin, ita kuma ta ce ba a taɓa gaya mata haka ba. Kafin magariba magana ta kai kunnen mahaifiyarta, wadda maƙwabciyarki ce, tare kuke zuwa Islamiyya. Ga ɗinki bai ƙare ba, ga gaisuwa ta yi sanyi.

Idan kika natsu za ki ga yarinyar ba ƙarya ta yi ba. Ranar da aka kawo ta, abin da aka ce kawai shi ne, "Ai 'yarki ce, duk yadda kika yi daidai ne." Ba a yanka kuɗi ba, ba a faɗi lokacin zuwa ba, ba a yi maganar ranar uzuri ba. Kunya ta hana kowa magana a ranar farko, ita ce kuma ta jawo rigima daga baya.

Wannan matsala ta fi tsanani a ƙasar Kudan, Maƙarfi da Ikara, domin ƙasar noma ce. Lokacin tumatirin rani, ko saran rake, ko kaka, hannu yakan yi tsada, kowane gida yana buƙatar nasa. Mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da mai shanya tumatir, da mai 'yar makarantar yara, duk sun san yadda ma'aikaciya ke ɓacewa daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Manyan kamfanoni suna maganin wannan da littafin ƙa'idojin aiki, wanda ake ba kowa ranar da ya fara. Ke ba ki buƙatar littafi. Takarda ɗaya ta ishe ki.

Me doka ta tanada?

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta ce mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin a wuce wata uku da farawa: irin aikin, yawan kuɗin da yadda za a riƙa biya, lokutan aiki, hutu, da wa'adin sanarwa idan za a rabu.

Dokar ta ba ma'aikaci hutun yini ɗaya a kowane mako. Wanda ya cika wata 12 yana aiki yana da hutun aƙalla kwana shida na aiki tare da biya. Mai juna biyu tana da mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, kuma idan ta yi wata shida a wurin, za a ba ta aƙalla rabin albashinta. Mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a rana don ba jariri nono.

Game da mafi ƙarancin albashi, dokar 2024 ta kai shi naira 70,000 a wata, amma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Wannan sauƙi ne ga ƙaramar sana'a irin taki, sai dai bai ba ki damar danne gumin kowa ba.

Abubuwa bakwai da za ki rubuta

Na farko, matsayi da aiki. Koyo ta zo yi, ko aiki? 'Yar koyo da ma'aikaciya ba ɗaya ba ne, kuma nan rigima ta fi tashi. Idan koyo ne, ki rubuta tsawon lokacin da abin da za ki koya mata. Idan aiki ne, ki faɗi iyakarsa. Wadda aka ɗauka don ɗinki, kada ta wayi gari tana wanke-wanke da rainon goyonki ba tare da an yi maganar hakan ba.

Na biyu, lokaci. Ƙarfe nawa za a fara, ƙarfe nawa za a tashi, da lokacin salla da cin abinci. Idan 'yar makaranta ce, lokacin karatunta ba naki ba ne. Yarinyar da ya kamata a ce tana firamare kuwa, wurinta aji ne, ba gaban kaskon suya ba.

Na uku, kuɗi. Jinga ce, wato kowace riga ko kowace tiyar gyaɗa da kuɗinta, ko albashin wata? Wace rana ake biya? Abincin rana yana cikin lissafi ko kyauta ne? Idan ta karɓi rance, nawa za a riƙa cirewa?

Na huɗu, uzuri. Biki da suna ana sanin ranarsu, don haka a faɗa tun da wuri, misali kwana uku kafin ranar. Rasuwa da rashin lafiya ba sa sallama, saƙon waya ya wadatar. Ki rubuta a fili makonnin da ba a tafiya sai da lalura, kamar mako biyun kafin Sallah, da ɗan ihsanin da za ki ƙara wa wadda ta tsaya.

Na biyar, ɓarna. Idan aka ƙona leshin mutane da dutsen guga, wa zai biya? Ki sani sashe na 5 na dokar ya hana cin ma'aikaci tara, kuma ko asara ya jawo da gangan ko da sakaci, sai da amincewar jami'in ƙwadago ake cirewa daga albashinsa. Saboda haka kada yankan kuɗi ya zama bulalarki. Ki bambanta kuskure da ganganci.

Na shida, amana. Ba a ɗaukar hoton kayan mai kaya a sa a WhatsApp ba da izini ba. Ba a karɓar aikin kwastomarki ta bayan fage. Abin da aka gani ko aka ji a cikin gida, a bar shi a cikin gida.

Na bakwai, rabuwa. Sashe na 11 ya tsara wa'adin sanarwa: kwana ɗaya idan aikin bai wuce wata uku ba, mako ɗaya idan ya wuce haka amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Wannan ya hau kanki kamar yadda ya hau kanta. Ki kuma tsara matakan gyara: nasiha a keɓe, sai gargaɗi a gaban shaida, sannan sallama.

"Ba za a ce ban yarda da ita ba?"

Wannan ne ke hana da yawa daga cikinmu. Amma ki tuna, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma da muminai take magana. Ladan aikin da ba ki biya ba tukuna bashi ne a wuyanki. Rubutu yana tsare ki daga mantuwa, yana tsare ta daga zargi.

Yadda za ki gabatar da takardar ma yana da muhimmanci. Kada ki fito da ita ranar da aka yi faɗa. Ki zaɓi ranar da ake zaman lafiya, ki zauna da ma'aikatanki, ki fara karanta abin da ya hau kanki: biya a kan lokaci, rashin tsawa a gaban kwastoma, ba da hutu. Ki rubuta da Hausa, boko ko ajami, ki karanta da ƙarfi don wadda ba ta iya karatu ba, ki kuma saurari gyaransu. Mahaifiyarta ko mijinta ya zama shaida. A yi kwafi biyu, kowa ya sa hannu, ki ɗauki hotonta da wayarki.

Sannan ki ajiye ɗan littafi na kullum: wa ya zo, me aka ɗinka, nawa aka karɓa. Ranar biya ku duba shi tare.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne mafi wuya: ƙa'idar ta hau kan kowa. Idan ƙanwarki ta makara kika yi shiru, 'yar maƙwabta ta makara kika ɗaga murya, to da hannunki kika yaga takardar. Haka idan ranar biya ta zo kika ce a yi haƙuri sai wani mako, ba tare da kin sanar tun da wuri ba.

Bayan kowace Sallah ku sake zama ku duba abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba. Idan kuma 'yarki ce za ta je koyo ko aiki a gidan wata, ki nemi a yi wannan rubutun tun ranar da za ki kai ta, cikin ladabi da fara'a.

'Yar'uwa, ke wace ƙa'ida ce ta fi ba ki wahala tsakaninki da masu taya ki aiki? Ki faɗa mana yadda kika warware ta, wata za ta ƙaru.