Allurar Barci a Wajen Ɗakin Tiyata

Ko da yake jama'a sun saba jingina allurar barci ga ɗakin tiyata kaɗai, haƙiƙa a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, akwai ayyuka da dama da ke wajabta ta alhali ba a taɓa wuƙa ba, kamar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar yaron da ba zai kwanta shiru ba, ko zura na'urar leƙa ciki ta maƙogwaro, ko wanke gyambon ƙuna.

Hatsarin kuwa, a nan ya fi ɓuya, domin magunguna irin su propofol, da zarar sun zarce ƙima kaɗan, sai numfashi ya raunana, harshe ya koma baya ya toshe hanyar iska, majiyyaci kuwa kwance lumui kamar mai barcin gajiya. Wannan magani ne ya yi ajalin mawaƙin Amurka Michael Jackson a gidansa a 2009. Saboda haka sharaɗi ne a keɓe ma'aikaci guda wanda ba shi da wani aiki face lura da majiyyaci, da na'urar auna iskar jini maƙale a yatsa, da tukunyar oksijin da injin zuƙe majina a kusa, har ya farka sarai.

Hakkin 'yan uwan majiyyaci kuma, su kiyaye umarnin kame bakinsa kafin allurar: awa 6 ga abinci, awa 2 ga ruwa zalla, saboda amai yana iya faɗawa huhu. Uwar da tausayi ya sa ta ba yaro kunu a ɓoye, to lalle ta faɗa wa likita.