Ido Ɗaya Ko Ido Biyu: Wanne Hoto Ya Fi Yi Wa Fure Adalci?

Furen kuɓewa da safe yake buɗewa, kafin rana ta faɗi ya yanƙwane. Duk wanda ya taɓa sunkuyawa ya leƙa cikinsa ya san abu ne mai zurfi. Ganyaye biyar masu ruwan ɗorawa sun kewayo kamar mazurari, can ƙasa launin ya rikiɗe ya koma ja mai duhu, daga tsakiya kuma wani ɗan sanda ya taso, jikinsa duk garin fure. Da ka ɗora kyamara ka danna, sai zurfin nan ya baje. Sandan ya manne da ganyen, jan launin ya zama tabo kawai. Kyamara ido ɗaya gare ta, mu kuwa da biyu muke gani.

Ba raina hoton ido ɗaya nake yi ba. Karl Blossfeldt, malamin zane a Berlin ta Jamus, da shi ya yi suna. Da kyamarar da ya harhaɗa da hannunsa yake ɗaukar toho da kan fure, ya girmama su har ninki 30, ya ajiye su a gaban bango fayau. Littafinsa na 1928 har gobe ana bugawa. Ƙarfin irin wannan hoto shi ne mai ɗauka ke da iko. Idan aka matso kusa da fure, wurin da ke fitowa tangaran ba ya wuce 'yan milimita, sauran duk dishi-dishi. Gwani sai ya mai da wannan rauni ado: ya zaɓi ɗigon raɓa guda ya fito da shi, ya bar sauran su narke. Inda ya nuna maka, nan za ka duba.

Hoton ido biyu kuwa ya girmi yadda ake zato. A 1838 Charles Wheatstone ya bayyana wa masana a Landan cewa kowane ido hotonsa daban yake ɗauka, domin akwai tazarar kusan santimita shida da rabi tsakaninsu, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa biyun ta fitar da nisa da kusa. Da zanen hannu ya gwada, don a lokacin ɗaukar hoto bai bazu ba. David Brewster ya ƙera ƙaramin akwatin leƙe, aka nuna shi a babban baje kolin Landan na 1851, ya burge Sarauniya Victoria, kasuwarsa ta buɗe. A 1939 sai View-Master ta fito a Amurka, da faifan kwali mai hotuna 14, bakwai na idon dama, bakwai na hagu.

Wahalar tana farawa ne idan aka zo kan fure. Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida: tazarar da ke tsakanin ɗauka biyu ta zama kusan kashi ɗaya cikin 30 na nisan abin da ake ɗauka. Furen da ke santimita 30 daga kyamara, santimita ɗaya kacal yake bukata. Ina za ka jera kyamara biyu a wannan tsukin? Dole ka yi da guda: ka ɗauka, ka zame ta gefe kaɗan a kan ɗan titin ƙarfe, ka sake ɗauka. Tsakanin dannawa biyun nan duniya ba ta tsaya maka ba. Iska ta kaɗa reshe, kudan zuma ya ɗaga ƙafa, gajimare ya gifta, shi ke nan aiki ya ɓaci, mai kallo zai ji idonsa na masa ciwo bai san dalili ba. Ga shi dishi-dishin da ke ƙawata hoton ido ɗaya a nan aibi ne, domin ido yawo yake yi cikin zurfin, duk inda ya sauka yana son ya tarar da abu sarai. Sai an tsuke ƙofar haske, an ƙara lokaci, iska kuma ta ƙara samun dama. Shi ya sa wasu ke sammako kafin iska ta tashi, wasu kuma su yanke furen su kai ɗaki, abin da ni dai ba ya kwanta mini, don furen da aka raba da uwarsa nan da nan yake sauya tsayuwa.

To me ya sa za a sha wannan wuya? Saboda aikin fure a zurfinsa yake. An gina shi ne don ƙwaro ya shiga, ya goga jikinsa a wani wuri, ya fita da gari. Darwin a 1862 ya ga wani furen okid na Madagaska mai bututu kusan santimita 30, ya ce lallai akwai ƙwaron dare mai baki tsawon haka. A 1903 aka bayyana ƙwaron. Wanda ke son fahimtar irin wannan gini, me ke gaba, me ke baya, ina hanya ta bi, hoton ido biyu ne zai gaya masa. Masana sun gane haka tun tuni: littafin Alexander Smith na 1949 a kan lemar kwaɗi da faifan View-Master 33 aka sayar da shi, don ɗalibi ya ga siffar yadda take.

Inda hoton ido biyu ya gaza, a wajen kallo ne. Hoton Blossfeldt a bango za ka rataye, mutum ɗari su gani tare. Wannan kuwa sai da na'ura, mutum ɗaya bayan ɗaya. Tabarau mai ja da shuɗi yana sauƙaƙawa, amma yana kashe launi, jan fure ya fi shan wahala. Wanda idonsa ɗaya ke da rauni kuma ba lallai ya ga zurfin ba.

Duk da haka, in malamin kimiyya ko ma'aikacin gona ya tambaye ni, ido biyu zan ce masa. Wayar hannu ma ta isa a fara: ka sami furen kabewa da sassafe, ka ɗauka, ka matsa gefe kamar faɗin ɗan yatsa ba tare da ka karkata wayar ba, ka sake ɗauka, sannan ka jera hotunan biyu gefe da gefe, na dama a dama, na hagu a hagu.