Ɗanyen nama ko abincin buhu: me ya kamata mu riƙa ba karnukanmu?

Ƴan'uwanmu da ke zaune Faransa, Beljiyam ko Amurka sukan ba mu labarin wata gardama da ake yi a can tsakanin masu kiwon karnuka. Wasu sun ce kare ba ya da abincin da ya wuce ɗanyen nama da ƙashi. Wasu sun ce a'a, busasshen abincin nan na kamfani da ake sayarwa cikin buhu, wanda masu jin Faransanci ke kira kroket, shi ne daidai. Mu a nan idan mun ji haka dariya ce ke fara zuwa, don karen gidanmu ƙanzo da ragowar tuwo ya sani. To amma da muka duba, akwai wani ɓangare na maganar da ya shafe mu fiye da su, kuma ya shafi lafiyar yaranmu.

Abincin buhu ya daɗe. Wajajen 1860 wani Ba'amurke mai suna James Spratt ya fara sayar da biskit na karnuka a Landan, sannan a shekarun 1950 kamfanin Purina ya fito da irin ƙananan dunƙulen da ake gani yau. Hatsi ne da garin nama da kitse da sinadaran gina jiki, a dafa su da zafi mai tsanani, a busar. Amfaninsa a fili yake: an auna abin da jikin kare ke buƙata, wuta kuma ta kashe ƙwayoyin cuta. Ana samunsa a manyan kantunan Yamai, sai dai daga waje ake kawo shi, kuɗinsa ba na kowa ba ne. Kuma shi ma ba ya rasa aibi. A ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021 karnuka fiye da 100 suka mutu a Amurka bayan sun ci abincin buhu da aka yi da masara mai fumfuna. Dafin nan, afalatoksin, shi ne dai wanda ke ɓata mana gyaɗa idan ta sha laima. Wanda ya sayi buhu ya bar shi buɗe cikin damina, ya san da wannan.

Masu ra'ayin ɗanye kuwa sun yi ƙarfi ne tun 1993, lokacin da wani likitan dabbobi ɗan Ostareliya, Ian Billinghurst, ya rubuta littafi a kai. Hujjarsu ita ce kare jikan kyarkeci ne, kyarkeci kuma ba ya hura wuta. Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta cika ba. A 2013 masu bincike a jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun nuna cewa dubban shekarun da kare ya yi tare da ɗan Adam sun canza cikinsa, yana narkar da hatsi fiye da kyarkeci nesa ba kusa ba. Makiyayan Azawak ba su jira wannan bincike ba. Karensu mai dogayen ƙafafu, wanda Turawa ke ji da shi yanzu, da hatsi da nono ya tashi, nama sai ranar da farauta ta yi kyau.

Ga inda zancen ya zo gida. Duk mahauci ya san wata jaka mai ruwa da akan tarar a hanta ko huhun tunkiya, akuya, saniya ko raƙumi. Me aka saba yi? A yanke wurin a jefa wa kare. Wannan jifa ita ce matsalar. Cikin jakar akwai ƴaƴan wata tsutsa, da zarar kare ya haɗiye su sai su girma a hanjinsa. Tsutsar ƙarama ce ƙwarai, tsawonta bai wuce ƴan milimita ba, shi karen ma ba ya nuna alamar ciwo. Amma ƙwayayenta suna fita cikin kashinsa, su manne a gashinsa, su shiga ƙasa, ciyawa, ganyen lambu da bakin rijiya. Dabba ta ci ciyawar, jaka ta fito mata, a yanka ta, a sake jefa wa kare.

Mutum ma haka yake kamuwa. A lura da kyau: ba ta cin naman dabbar ba ne, ta hanyar kare ne. Yaro ya yi wasa da kare ko da ƙasar tsakar gida, ya sa hannu a kwano bai wanke ba, shi ke nan. Jakar tana girma a hantarsa ko huhunsa a hankali, shekaru ba a sani ba, sai ranar da ciwon ciki ko tari ya ƙi jin magani. Sau da yawa sai an kai ga tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane fiye da miliyan 1 ne ke ɗauke da wannan ciwo a duniya. Akwai kuma wata tsutsar da kare ke ɗauka idan ya ci ɗanyen kan tunkiya, ita ce ke komawa ƙwaƙwalwar tumaki har ka ga tunkiya tana ta zagaye wuri guda kamar mai juwa. Makiyayi ya yi asara, bai san daga karensa abin ya fito ba.

Naman da masu ra'ayin ɗanye ke saya a Turai likita ya duba shi, daga firji ya fito. Duk da haka ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka tun 2012 take ba da shawarar a guje shi, saboda ƙwayoyin cuta irin su salmonela, waɗanda sanyin firji ba ya kashewa. Ina ga namu, da ake yankawa a bayan kasuwa cikin zafin watan Afrilu?

Saboda haka a ganinmu, mai hali ya sayi buhu idan yana so, ya rufe shi da kyau a busasshen wuri, ya ajiye wa kare ruwa kusa don abincin yana sa ƙishi. Sauranmu kuwa tukunya ta ishe mu. Tuwo ko dusa, a haɗa da kayan ciki masu lafiya da aka tafasa kamar rabin awa, da ɗan nono idan akwai. Tuwo zalla kullum ba ya riƙe kare, musamman karya mai shayarwa da ƴan kwikwiyo. A rage zuba masa miya mai albasa da yawa, don albasa tana lalata jinin kare, ko da ta Galmi ce. Dafaffen ƙashin kaza ko zabo ma a bar shi, yana tsagewa ya soki hanji.

Hanta ko huhun da aka ga jaka a ciki, a ƙone ko a binne da zurfi inda kare ba zai tono ba. Haka mushe. Ranar Layya ce aka fi sakaci, kowane gida ana fiɗa, karnukan unguwa suna zagaye, yara ne kuma aka bar wa aikin zubar da tarkace. A gaya musu tun da safe.

Akwai maganin tsutsar, sunansa praziquantel, kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ba kare aƙalla sau 4 a shekara. A tambayi ma'aikatan kiwo na yankinku adadin da ya dace da nauyin karen. Bayan an ba shi, a ɗaure shi kwana biyu a binne kashin da ya yi, don ƙwayayen ba su mutu ba tukuna. In an je, a tambaya har da allurar haukan kare.