Bini-da-zugu: A Tambayi Asalin Iri Kafin A Shuka

'Yan'uwa manoma, yawancinmu shinge kaɗai muka san bini-da-zugu da shi. Akuya ba ta cinsa, saniya ma haka, shi ya sa ake kewaye garka da shi. Amma 'ya'yansa suna da mai, wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyinsu. Man yana yin sabulu, yana kama fitila. A garin Garalo na ƙasar Mali har injin lantarki an tayar da shi. Wajen 2007 da 2008 aka yi ta rububin shuka shi a Afirka da Indiya, amma yawancin manyan gonakin nan ba su kai labari ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne iri. An shuka abin da aka samu, ba a tambayi inda ya fito ba.

Asalin itacen daga Meziko da Amurka ta Tsakiya ne, Turawan Fotugal suka kawo shi Afirka. A 1987 da 1988 masana sun tara iri daga wurare 13, suka gwada su a Senegal da tsibiran Cape Verde. Itace ɗaya ne, amma girman da suka yi ya sha bamban.

Ga yadda abin yake. Uwar da ta sami ƙasa mai kyau takan ba da ƙwaya mai nauyi, ita ce take tsira da ƙarfi. Wadda ta wahala kuwa, ko aka tsinke ta ɗanya, tana iya fita holoƙo. Sa'an nan ga tafiya. Iri mai mai ba ya jimre ajiya, kamar dai gyaɗa. Wanda ya yi watanni cikin buhu, ya sha zafin mota, ko ya yi fumfuna don ba a shanya shi sosai ba, da wuya rabinsa ya fito.

A nan ƙasar Hunkuyi, Kudan, Makarfi da Ikara, ruwa yakan ɗauke cikin Oktoba, sai kuma Mayu. Tsiron da ya makara ba zai kafa saiwa ba kafin hunturu, ga aikin banza ga asarar kuɗi. A ganinmu, tsohon shingen da ya ga rani da yawa a ƙauyenku ya fi buhun da ba a san mafarinsa ba.

A tsinki 'ya'yan in sun yi rawaya ko sun fara baƙi, a ɓare, a shanya a inuwa, a zubar da ƙanana da marasa nauyi. Kafin damina a ƙirga ƙwaya 20, a jiƙa su kwana ɗaya, a shuka a ƙasa mai yashi, a riƙa ba su ruwa. Iri mai rai yakan fito cikin kwana goma. In mako biyu ya wuce ba a sami rabi ba, a nemi wani. In iri biyu ne a hannu, a gwada su dab da juna.

Wani zai ce, me ya hana a dasa reshe kamar yadda aka saba? Don shinge, reshe ya isa, ya ma fi sauri. Sai dai ba ya yin doguwar saiwar nan ta tsakiya mai bin laima can ƙasa, wadda tsiron iri yake yi. A kuma ɓoye irin daga yara, gama guba ne, man ma ba na miya ba ne.