Turkiyya ta koyi ƙera jirage, amma injin yana hannun wasu

A watan Mayu na 2022 ne jirage shida marasa matuƙa, waɗanda a nan muke kira kuramen jirage, samfurin Bayraktar TB2, suka iso Yamai daga Turkiyya. Tun watan Nuwamba na 2021 aka bayyana cinikin, bayan wata hira ta wayar tarho tsakanin Recep Tayyip Erdogan da shugaban ƙasa na lokacin, Mohamed Bazoum, kuma cikin kayan da aka ambata har da jirgin koyon tuƙi da kai farmaki mai suna Hürkuş, wanda Nijar ce ƙasar waje ta farko da ta saye shi. Ɗan kasuwar Maraɗi ko na Damagaram da ya saba zuwa Istambul sarin darduma da kujeru da tufafi yana da damar ya tambaya: yaushe waɗannan mutane suka kai ga ƙera jirgin yaƙi? Hukumomin Ankara kan amsa da cewa takunkumi ne ya koya masu dogaro da kai. Akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ce. Sauran rabin yana cikin takardun kwantaragi da suka sa ma hannu da Amurkawa da Italiyawa, wato mutanen da ake cewa an rabu da su.

Sunan Hürkuş kansa tarihi ne. Vecihi Hürkuş matuƙin jirgin soja ne da ya ƙera jirgi da hannunsa, ya tashi da shi a Izmir cikin watan Janairu na 1925. Babu wanda ya san aikin da zai iya duba jirgin ya ba shi takardar izinin tashi, shi kuwa ya gaji da jira ya tashi. Ladan da ya samu shi ne hukunci, aka kuma karɓe jirgin. Da ya ƙera wani a 1930, sai da ya kwance shi ya aika da shi Cekoslobakiya, can aka gwada shi aka ba shi takarda a 1931, sannan ya tuƙo shi gida. Duk ma'aikacin gwamnati da ya taɓa ganin takarda ta shekara bisa tebur sabili da babu mai ikon sa hannu ya gane irin wannan ciwo.

Sauran yunƙurin wancan zamani ma haka suka ƙare. Masana'antar da aka buɗe a Kayseri a 1926 tare da kamfanin Junkers na Jamus ta ci karo da rigimar kuɗi, a 1928 tarayyar ta watse. Nuri Demirağ, ɗan kwangilar da ya yi arziki wajen shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, ya zuba dukiyarsa a masana'antar jirage a Istambul a 1936, sai aka soke odar da aka ba shi bayan wani haɗari a 1938. Amma abin da ya gama da su duka kyauta ce. Bayan yaƙin duniya na biyu, musamman da Turkiyya ta shiga ƙungiyar tsaro ta OTAN a 1952, jiragen Amurka suka kwararo, wasu kyauta, wasu a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wa zai sayi na gida da tsada alhali ga na banza? Masana'antar injin jirgi ta Ankara, a 1954 tarakta ta koma haɗawa.

Sai da aka shekara goma kafin a ga kuɗin wannan kyauta. A watan Yuni na 1964, lokacin da rikici ya ɓarke tsakanin Girkawa da Turkawan tsibirin Kubrus, shugaban Amurka Lyndon Johnson ya rubuta ma firaminista Ismet Inönü wasiƙa yana tunatar da shi cewa ba shi da ikon amfani da makaman da Amurka ta bayar a wannan rikici. Kaya na hannunka, amma mai shi yana Washinton. A 1974 Turkiyya ta sauke sojojinta a tsibirin, kuma kwana ɗaya bayan saukar, ran 21 ga watan Yuli, jiragenta na sama suka afka ma jirgin ruwanta na yaƙi mai suna Kocatepe bisa zaton na Girka ne, suka nutsar da shi, sojoji 54 suka rasu. Rashin ingantacciyar hanyar sadarwa yana cikin dalilan. Daga bisani majalisar dokokin Amurka ta aza takunkumin makamai daga 1975 zuwa 1978, jirage suka yi zaune saboda rashin kayan gyara.

A cikin wannan zafi ne jama'a suka riƙa ba da gudummawa ga gidauniyoyin sojoji, da kuɗin aka kafa kamfanin Aselsan a 1975. Aikinsa na farko rediyon soja ne, kuma ko shi da lasisin wani kamfanin Turai aka soma. Masu ba da labarin jarumta a nan suke tsayawa. A ganina, abin da ya fi muhimmanci ya faru ne bayan an ɗage takunkumin, lokacin da babu sauran wanda ke tilasta masu.

A 1983 Turkiyya ta ƙulla cinikin jiragen F-16 guda 160. Za ta iya biya a kawo mata su a shirye, kamar yadda mafi yawan masu saye ke yi. Maimakon haka ta sa sharaɗi: 8 kaɗai za a ƙera a Amurka, sauran 152 a haɗa su a Mürted, kusa da Ankara. A 1984 aka kafa kamfanin TAI, Turkawa na da kashi 51 bisa 100, General Dynamics na da 42, General Electric na da 7. Shekara guda bayan haka aka kafa TEI a Eskişehir tare da General Electric domin haɗa injuna. Jirgin farko ya fito a 1987. Tsakanin 1993 da 1995 masana'antar ta haɗa ma Masar wasu 46.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa haɗa jirgi ƙera jirgi ne. Zanen na Amurka ne, na'urorin ciki na Amurka ne, sirrin kwamfutar da ke sarrafa makamai ba a ba su ba. Amma a wannan rumfa ne ɗaruruwan injiniyoyi da ƙwararrun ma'aikata suka koyi abin da lakkwal ba ta koyarwa: yadda ake auna ƙarfe daidai da abin da bai kai kaurin gashi ba, yadda kowane kusa ke da takardarsa da sunan wanda ya ɗaure shi, yadda ake mayar da kaya baya in sun kauce ma ma'auni ko da mai su ɗan uwan darakta ne. Yaron gareji ma da wanke kayan aiki yake farawa. Bambancin shi ne ko an yi yarjejeniya tun farko cewa wata rana za a sallame shi da akwatin kayan aikinsa. A 2005 Turkawa suka saye hannun jarin Amurkawa na TAI baki ɗaya.

Abu na biyu da aka yi a wancan lokaci ya fi shafar ma'aikatan baitulmali. Dokar 1985, zamanin firaminista Turgut Özal, ta kafa hukuma ta farar hula mai kula da sayen makamai, ta kuma ba ta asusu na musamman da ake zuba ma wani kaso na harajin taba da barasa da caca da harajin kuɗin shiga. Hikimar a nan ita ce aikin jirgi yana cin shekara goma ko goma sha biyar, kasafin kuɗi kuwa na shekara ɗaya ne. Tsakanin 1991 da 2002 gwamnatocin haɗin gwiwa sun yi ta faɗuwa a Ankara, kuɗin ƙasar ya karye a 1994 da 2001, amma hukumar ba ta rushe ba. Ita ce ta riƙa sa ma duk baƙon da ke son sayar da kaya sharaɗin ya mayar da wani kaso na kuɗin cikin ƙasa, ta hanyar ba kamfanonin gida aiki. A 2004 ta ƙara matsa lamba: aka soke manyan kiran tayi na tankoki da jirage masu saukar ungulu da kuramen jirage, aka ce daga yanzu kamfanin gida ne uban aiki, baƙo abokin tarayya.

Kuramen jiragen da suka yi ma Turkiyya suna daga nan suka samo hanya. Amurka ta ƙi sayar mata da masu ɗauke da makamai, goma ɗin da ta yi oda wajen Isra'ila a 2005 kuma sun yi shekaru kafin su iso. Baykar ƙaramin kamfanin iyali ne da ya fara da kayan gyaran mota a shekarun 1980. Ɗan mai shi, Selçuk Bayraktar, a Amurka ya yi karatunsa mai zurfi, har a makarantar MIT, wanda shi ma wani nau'in haɗin gwiwa ne da ba a faye ambata ba. TB2 ya fara tashi a 2014. A 2016 Selçuk ya auri ɗiyar Erdogan, kuma ƴan adawa ba su daina tambaya ba ko surukuta ta buɗe ƙofofin da ba su buɗe ma wasu ba. Kamfanin kan amsa da cewa mafi yawan kuɗinsa daga cinikin waje suke shigowa. An ga aikin jirgin a Libiya, da Karabak a 2020, da Yukren a 2022. Masu saye na sonsa don arha da kuma ƙarancin sharuɗɗa, amma wannan sauƙi yana da nasa nauyi: a watan Janairu na 2024 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton fararen hula aƙalla 60 da hare-haren kuramen jiragen sojan Burkina Faso suka kashe a 2023, a kasuwanni biyu da wurin wata jana'iza.

Lissafin ciniki ba ya buƙatar ado. A 2002 Turkiyya ta sayar da kayan tsaro da na jiragen sama na dalar Amurka miliyan 248. A 2024 abin ya haura dala miliyar 7, wato sama da sefa miliyar dubu 4, fiye da kasafin kuɗin Nijar na shekara sukutum. Gwamnati ta ce abin da ake yi a gida ya tashi daga kashi 20 zuwa kusan 80 bisa 100. Wannan adadi na biyu a riƙe shi da hankali, domin a aikin jirgi ba yawan kashi ke magana ba. Kashi ɗaya da ya rage, in shi ne injin, sauran 99 suna ƙasa.

An ga haka sau da dama. A 2018 Pakistan ta sa hannu kan sayen jirage masu saukar ungulu T129 guda 30, a kan dala miliyar 1 da rabi. Jirgin, TAI ce ke ƙera shi bisa zanen wani na Italiya, injinsa kuwa na tarayyar Honeywell da Rolls-Royce ne. Amurka ta hana lasisin injin, ciniki ya tsaya cak. Filifin da Najeriya sun samu nasu, guda shida-shida, domin a kansu ba a hana ba. Ashe ke nan mai kanti yana Ankara, amma wani ne ke zaɓa masa abokan ciniki. A 2019, bayan Turkiyya ta karɓi makaman kariya S-400 na Rasha, aka fitar da ita daga shirin jirgin F-35, inda kamfanoninta ke ƙera sassa sama da 900. A 2020 Kanada ta dakatar da sayar da na'urar hangen da ke ƙarƙashin TB2, kuma aka yanke injin Rotax da ake kawowa daga Ostiriya. Na'urar hange Aselsan ta maye gurbinta cikin ɗan lokaci, domin ta daɗe tana aiki a kanta. Kanada ba ta sassauta ba sai a watan Janairu na 2024, bayan majalisar Turkiyya ta amince da shigar Suwidin cikin OTAN, abin da ya nuna cewa kayan gyara ma kuɗin ciniki ne a teburin siyasa.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Hürkuş da aka sayar ma Nijar da Cadi, injin Pratt & Whitney na Kanada ne a cikinsa. Wanda ya sauya dillali yana zaton ya rabu da masu sa takunkumi, sai ya duba abin da ke ƙarƙashin murfi. Kuma tambayar da Turkawa suka yi ma Amurkawa a 1983, wato me zai rage a ƙasarmu bayan an biya kuɗi, ba ta buƙatar ƙasa ta yi mafarkin ƙera jirgi kafin ta yi ta. Wurin gyara, horar da makanikai, ajiyar kayan gyara, duk abubuwa ne da ake rubutawa a kwantaragi ranar da mai sayarwa ke zumuɗin sa hannu, ko kuma a rasa su.

Su kansu Turkawa ba su rufe ƙofa ba, matsayinsu a teburin ne ya sauya. A 2025 Baykar ta kammala sayen kamfanin Piaggio Aerospace na Italiya, ta kuma kafa kamfanin tarayya da Leonardo, rabi da rabi. A shekarar dai Indonesiya ta sa hannu kan jiragen yaƙi Kaan guda 48, alhali Ankara da kanta ta ƙulla sayen Eurofighter guda 20 daga Ingila a watan Oktoba, domin sojojinta ba za su iya jira ba. Kaan ya yi tashin farko ran 21 ga watan Fabrairu na 2024, ya yi minti 13 a sama, da injuna biyu na General Electric, irin waɗanda ke cikin F-16. A watan Satumba na 2025 ministan harkokin waje Hakan Fidan ya faɗa a Niyok cewa lasisin waɗannan injuna ya maƙale a majalisar dokokin Amurka. Injin gida da TEI ke aiki a kansa, shekarar 2032 hukumomi suka ambata don ɗora shi a kan jirgin.