Yadda Indonesiya Ke Tsara Ranakun Hutun Ƙasa Da Na Addini

Indonesiya ce ƙasar da aka daɗe da sani da yawan Musulmi a duniya. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna cewa al'ummarta ta haura miliyan 270, kuma kimanin kashi 87 cikin ɗari Musulmi ne. Duk da wannan rinjaye, kalandar hutun ƙasar ta bai wa kowane ɗaya daga cikin addinai shida da gwamnati ta amince da su gurbinsa: Musulunci, Katolika, Furotesta, Hindu, Buddha da Konfushiyas.

Tushen wannan tsari shi ne Pancasila, wato ginshiƙai biyar da aka kafa ƙasar a kansu, waɗanda na farkonsu shi ne imani da Ubangiji ɗaya. Sukarno ne ya gabatar da su ranar 1 ga Yunin 1945, don haka ake hutu a wannan rana, kamar yadda ake yi ranar 17 ga Agusta, ranar shelar 'yancin kai. Akwai kuma hutun 1 ga Janairu da na ranar ma'aikata, 1 ga Mayu.

Musulmi na da bukukuwa biyar a kalandar: Ƙaramar Sallah, wadda ake ba ta kwana biyu, Babbar Sallah, sabuwar shekarar Hijira, Mauludi, da Isra'i da Mi'iraji. Kiristoci na da Kirsimeti, Ista da Juma'ar da ke gabaninta, da ranar tunawa da hawan Almasihu sama. Mabiya Buddha na da Waisak, da ake babban taronsa a wurin bautar Borobudur.

Hutun Hindu, mai suna Nyepi, shi ne ya fi ba baƙo mamaki. A tsibirin Bali komai kan tsaya cik na tsawon sa'a 24: ba fita, ba aiki, ba kunna wuta, har filin jirgin sama akan rufe. A 2023 ranar ta zo daidai da daren fara Tarawihi, sai aka daidaita cewa Musulmi su yi sallah a gida ko su taka da ƙafa zuwa masallaci mafi kusa, ba tare da lasifika ba.

Ba a wayi gari aka tarar da wannan daidaito ba. A 1967 gwamnatin Suharto ta hana 'yan asalin Sin yin bukukuwansu a bainar jama'a. Shugaba Abdurrahman Wahid, malami kuma tsohon jagoran ƙungiyar Nahdlatul Ulama, shi ya soke dokar a 2000, sannan daga 2003, zamanin Megawati Sukarnoputri, sabuwar shekarar Sinawa ta zama hutun ƙasa.

Ministoci uku ne ke sa hannu a jadawalin hutun kowace shekara: na addini, na ƙwadago da na ma'aikatan gwamnati. Amma tabbatar da ranar Sallah sai an yi zaman da ake kira “sidang isbat”, inda Ma'aikatar Addini ke tara malamai da masana falaki su duba rahoton ganin wata. Ƙungiyar Muhammadiyah kuwa lissafi take bi, shi ya sa wani lokaci akan sami bambanci. A 2023 mabiyanta sun yi Ƙaramar Sallah ranar 21 ga Afrilu, gwamnati kuma ta tsayar da 22 ga wata.

Ƙaramar Sallah, da suke kira Lebaran, ita ce hutu mafi girma. Gwamnati kan ƙara mata kwanakin hutun bai-ɗaya, miliyoyin mutane kuma su bar birane zuwa garuruwansu, al'adar da ake kira “mudik”. Doka ta wajabta wa masu kamfanoni biyan ma'aikacin da ya cika shekara albashin wata guda na musamman, aƙalla kwana bakwai kafin bikin addininsa.

Ga 'yan kasuwa da ɗaliban da ke da hulɗa da Jakarta, yana da kyau su duba jadawalin kafin tafiya, domin a makon Lebaran ofisoshin gwamnati da shaguna da dama kan kasance a rufe.