Wasannin Bidiyo Masu Ban Tsoro: Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani

Duk wanda ke harkar wayar salula ko tura fina-finai da wasanni a kasuwannin bakin iyaka irin su Birnin Konni da Illela da Jibiya, ya san cewa wasan ƙwallon ƙafa da na faɗa su ne matasa suka fi nema. Amma akwai wani nau'in wasan bidiyo da ya bambanta da waɗannan, wanda ba gudu a cikinsa, ba harbi, sai duhu da shiru da wasa ƙwaƙwalwa. Mai saye kan ga hoton ɗan yaro a jikinsa ya ɗauka katun ne na yara, alhali ba haka abin yake ba. Don haka yana da kyau mai sayarwa ya san hajarsa, uba kuma ya san abin da ya kai gida.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka shahara a cikinsu shi ne Limbo, wanda kamfanin Playdead na ƙasar Denmak ya fitar a shekarar 2010. Babu launi a cikinsa sai baƙi da fari da ruwan toka. Wani yaro ne ke farkawa a tsakiyar daji, ba a gaya maka sunansa ba, ba a kuma ba shi makami ba. Aikinka shi ne ka tura akwati ya taka ya haura, ka ja ƙarfe ƙofa ta buɗe, ka kauce wa tarko da wani ƙaton gizo-gizo. Kamfanin ya sake fitar da wani mai suna Inside a 2016. A 2017 kuma kamfanin Tarsier na ƙasar Suwidin ya fito da Little Nightmares, labarin wata yarinya mai suna Six, sanye da rigar ruwa ruwan ɗorawa, da ke neman tsira daga wani makeken jirgin ruwa cike da ƙattai masu haɗama, ba ta da komai a hannu sai abin kunna wuta.

Babban abin da ya sa waɗannan wasanni suka yi fice shi ne ba sa buƙatar harshe. A cikin Limbo ba wanda ke magana tun daga farko har ƙarshe, saboda haka wanda bai ji Turanci ko Faransanci ba zai fahimce shi kamar yadda ɗan boko zai fahimta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a kasuwar da masu saye ke zuwa daga ƙasashe biyu. Na biyu, suna sa mutum tunani. Kowane wuri yana da nasa ƙulli, kuma ƙarfi ko saurin yatsa ba sa warware shi, sai lura da haƙuri. Na uku, tsoron da ke cikinsu ba na ihu da razanarwa ba ne kawai. Ƙarar iska, ɗigar ruwa, takun wani abu da ba ka gani ba, su ne ke tayar da tsikar jiki. A wasan Amnesia na 2010, alal misali, fitilarka na cin mai, in ya ƙare ka zauna cikin duhu, wanda kake sarrafawa ya fara ruɗewa, kuma ba ka da abin faɗa sai dai ka ɓuya.

To amma abin da ya zama ƙarfinsu shi ne kuma rauninsu. Wasan da ya dogara ga duhu da shiru ba ya daɗi a rumfar kasuwa da rana tsaka, inda hasken rana ke dukan fuskar waya, ga ƙarar babura da janareta. Sai da dare, da abin sauraro a kunne, ake jin armashinsa. Ga shi kuma gajeru ne. Mai ƙoƙari kan gama Limbo ko Inside cikin awoyi kaɗan, kuma da zarar ya san yadda ake warware ƙullin, tsoron ya tafi, ba abin da zai ja shi ya maimaita.

Akwai kuma yawan mutuwa. An tsara Limbo ne yadda sai tarko ya kama yaron sannan ka gane akwai tarko a wurin, ka sake gwadawa. Sau ɗaya ko biyu darasi ne, amma in an kai sau goma a wuri guda, tsoro ya koma haushi. Little Nightmares ma an yi kuka da shi kan cewa wani lokaci ba a iya gane nisan wuri sosai, sai yarinyar ta zame ta faɗa ba da laifin mai wasa ba. Ban da haka, labaransu ba sa ƙarewa a fili. Wanda ya saba da fim ɗin da ake kama mugu a ƙarshe zai iya tashi yana tambayar me ya faru, domin masu wasan sun bar wa kowa ya yi tasa fassarar.

Me wannan ke nufi ga ɗan kasuwa? In gidan gem kake da shi, inda yara ke biya su buga na ɗan lokaci, kada ka sa jarinka a kan irin waɗannan. Limbo da Inside da Little Nightmares na farko mutum ɗaya ke buga su, babu gasa tsakanin abokai, kuma wanda ya gama ba zai dawo ba. Ƙwallo ita ce ke riƙe ciniki. Amma ga baligi mai son abin da zai ɗebe masa kewa, kamar direba ko fatake da ke kwana a hanya, Limbo ya dace, tunda akwai shi a wayar Android tun 2015, kuma ana buga shi ba tare da intanet ba bayan an sauke shi. Little Nightmares ma ya shigo waya a ƙarshen 2023.

Abu mafi muhimmanci shi ne shekarun mai saye. Hukumar PEGI da ke tantance wasanni a Turai ta sa wa Little Nightmares lamba 16, Inside kuma 18, ma'ana ba na waɗanda ba su kai waɗannan shekaru ba ne. Dalili a fili yake, domin ana nuna ƙaramin yaro karnuka na farautarsa, ko tarko na datse shi. Yaro ɗan shekara 8 da ya kalli wannan da dare zai iya kasa barci, kuma washegari ubansa rumfarka zai nufo.

Saboda haka idan mutum ya zo yana neman wasa, ka tambaye shi ko nasa ne ko na ɗansa, ka duba lambar da ke jikin kwalin ko shafin da ake saukewa, sannan ka gaya masa gaskiyar abin da ke ciki. Ciniki ɗaya da ka rasa saboda gaskiya ya fi abokin ciniki da ka rasa har abada. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.